Sojan da Ya Yi Yaƙi da Gammo

Mazaunin Kaduna ba ya buƙatar a yi masa kwatancen barikin Dalet da ke Kawo, ko na Kalapanzin. A Zariya ko yaro ya san Chindit, inda ake shiga da saurayi farar hula a fito da shi kurtu. Legas na da Arakan da Tamandu da Myohaung, ga kuma Dodan, wanda ya zama fadar mulkin ƙasar nan tun daga 1966 har aka tare Abuja a 1991. Ibadan na da Letmauk. Kullum ana ambaton sunayen nan a tasha, fasinja na cewa a sauke shi nan, amma da wuya ka ga wanda ya tambayi inda suka samo asali. Yawancinsu koguna ne da ƙauyuka na ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, wuraren da kakanninmu suka taka da ƙafarsu a Yaƙin Duniya na Biyu. Chindit kuwa sunan rundunar Janar Wingate ne, masu kutsawa ta bayan abokan gaba, kuma bataliya uku ta 'yan Najeriya sun yi yaƙi a cikinta a 1944.

Japan ta ƙwace Bama daga hannun Ingila a 1942. Shekara na zagayowa aka kafa runduna biyu a Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka zuba 'yan Najeriya da Saliyo da Gambiya da Ghana, wadda a lokacin ake ce wa Gwalkwas. Kimanin mutum 90,000 aka kwasa a jirgin ruwa zuwa Indiya da Bama, fiye da rabinsu daga Najeriya. Hujjar manyan hafsoshi a Landan ita ce wai baƙar fata ya saba da kurmi. Ka ji fa. Yaron Katsina ko Gumel, wanda in ya hau tudu yana hango rimin garin da ke gaba, shi ne aka ce ɗan kurmi ne. Da yawansu a can suka fara ganin dajin da rana ba ta ratsa shi.

A kwarin kogin Kaladan da ke yankin Arakan, inda aka tura runduna ta 81, babu hanyar mota a lokacin. Tsaunuka ne da rafuka da gora. Jiragen sama ke jefo abinci da harsashi da laima, amma jirgi fili guda yake jefawa, mai bindiga kuwa yana can kan dutse, wani lokaci tafiyar yini. Abin da ya haɗa buhun da ya faɗo da bakin mai bindiga shi ne kan ɗan Adam. Saboda haka aka tanadi sojoji na musamman waɗanda aikinsu ɗaukar kaya ne. Suna sa kaki, suna da lamba, suna karɓar albashi, amma makamin yawancinsu adda ce. Su ke ɗaukar akwatin harsashi da sassan igwa da rediyo da magani. Su ke sare gora su buɗe hanya, su share filin da ƙaramin jirgi zai sauka, su ɗauko wanda aka harba. Da guminsu aka sassaƙa hanyar jif mai tsawon fiye da mil 70 a cikin tsaunukan nan, wadda Turawa suka raɗa wa Hanyar Afirka ta Yamma. Rundunonin Ingila da na Indiya sun dogara ne da mota da alfadari. Inda alfadari ya turje, mai kaya a ka ya wuce, kuma dalilin ke nan da 'yan Afirka ta Yamma suka iya ratsa wuraren da aka ɗauka ba sa ratsuwa.

Kakana na wajen uwa yana cikin masu kayan nan. A garinmu, cikin ƙasar Funtuwa, Baba Soja ake ce masa, har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa. Bai shiga soja don sha'awa ba. Zamanin ɗiban gwamna ne, ana kwasar samari ana kai su haƙar kuza a Jos, dagaci kuma an ce ya kawo mutane. Shi ya ga da rami gara kaki. Ya tafi a 1943, wata kaɗan bayan an kawo masa amarya, bai dawo ba sai 1946.

Samarin gari sun san bai riƙe bindiga ba, kuma ba sa barin wannan ya wuce. In ya fito da yamma sai ka ji wani ya ɗaga murya daga majalisa: "Mazan fama! Baba, Japan nawa ka kashe?" Ba ya fushi. Amsarsa ba ta sauyawa: "Ko ɗaya, ɗan nan. Amma waɗanda suka kashe, ni na kai musu abincin." Sai a kwashe da dariya, a ɗauka barkwanci ne. Mu ma jikoki, gaskiya, mun fi son a ce kakanmu ya harbo jirgi. Muna kallon wasan Samanja a talabijin, muna son soja mai tsawa da gashin baki, ga shi namu sojan ɗan siriri ne, mai ƙyalle a kafaɗa.

Ƙyallen nan ba ya rabuwa da shi. Tsohon zane ne da aka tsaga, tsawonsa ya kai kamu huɗu, ya sha wanki har ba a gane launinsa. Da shi yake gammo. Yadda yake naɗa shi ma abin kallo ne: ya kama baki ɗaya da haƙori, ya murɗa shi har ya yi tauri, ya naɗe a hannun hagu zagaye uku, ya cusa bakin a ciki, ya buga shi a gwiwa sau biyu ya ga ko zai warware. Ramin tsakiya dole ya dace da tsakar kai. In ya yi faɗi, kaya zai zauna a kan ƙashi. In ya yi ƙanƙanta, zai riƙa zamewa, wuya ya sha wahala.

Ranar ɗauko dawa daga gona, kafin kowa ya taɓa dami sai ya bi ya ɗaga kowanne da hannu ya ji nauyinsa. Sannan ya dubi yaran da suka jeru, ya raba: wannan naka, wannan naki, kai kuwa ɗauki tulun ruwa kawai. Babu yaron da zai ɗora wa kansa kaya, sai mutum biyu sun ɗaga sun aza masa, shi kuma ya durƙusa da gwiwa, baya a miƙe. Wanda ya ce zai iya dami biyu don a yaba masa, tsawa zai sha. "Ba a nan ake gane jarumi ba," in ji shi, "sai mun kai bakin rafi." Shi ke tafiya a ƙarshen layi. In yaro ya fara tangaɗi, zai ji an rage masa nauyi ta baya ba tare da an ce masa uffan ba.

Abin lura game da gammo shi ne, ba ya rage wa kaya ko da nauyin ƙwaya guda. Dami na nan yadda yake, tafiya na nan da nisanta. Aikinsa kawai ya shiga tsakanin kayan da kan mai ɗauka, ya baza nauyin, ya shanye gurzar. In an isa gida, dami ake duba, a yaba wa gona, a sa wa yaro albarka, gammo kuwa a jefar da shi gefe. Maigidan kirki haka zamansa yake a cikin iyali. Bai isa ya hana fari ba, bai isa ya hana ciwo ko tsadar hatsi ba. Amma yana tsakani, kuma waɗanda ke ƙarƙashinsa sukan girma ba su san ainihin nauyin abin da ya bi ta kansu ba. Bahaushe ya ce babba juji ne. Mun fi fahimtar maganar ta fuskar haƙuri da zagi da rainin yara. Ni dai a wurin tsohon nan na ga ta ƙunshi har da lissafi: sanin nauyin kowane abu, da sanin ƙarfin kowane mutum.

Lissafin nan ya fi fitowa da dare. Bayan Isha'i sai ya ɗauko fitilar ƙwai ya zauna a bakin zaure, ya kira sunan kowane yaro na gidan, har da almajiran da ke kwana a soro. In an ce wane bai dawo ba, ba a rufe ƙofa, shi kuma ba ya kwanciya. Wanda ya amsa zai zo ya zauna ya miƙa ƙafa. Sai ya kusanto da fitilar, ya buɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya shafa tafin, ya danna diddige. Ƙaya, matsefata na aljihunsa. Faso, man kaɗe. In ya ga ƙaramin ƙurji ya fara ruwa, tun a daren za a dafa ruwan gishiri. Muna ƙyalƙyala dariya saboda cakulkuli, yana cewa, "Tsaya mana, angon Iya, ƙafar ce jarinka."

Sai da na girma na karanta tarihin yaƙin na gane inda wannan ya fito. A Bama, musamman farkon yaƙin, waɗanda ciwo ya kwantar sun ninka waɗanda harsashi ya kwantar sau da yawa. Zazzaɓin cizon sauro, atini, matsattsaku da ke shiga cikin takalmi su sha jini, ƙafar da ta kwana ta wuni a jiƙe har ta fara ruɓewa. Mai kaya da ƙafarsa ta lalace ya zama kaya shi ma, sai an sauke wa wasu nasu sun ɗauke shi. Ƙirgar kai da dare kuwa, duk wanda ya taɓa tafiya a layi cikin dajin da ba a ganin na gaba ya san ranar da ake ƙirgawa a ga babu ɗaya. Bai taɓa ba mu labarin irin wannan rana ba. Kiran sunan dai bai fasa ba har ƙarfinsa ya ƙare.

Haka yake da abinci. Shi ke buɗe rumbu da asuba, ya auna da tiya, ya shafe bakin da tafin hannu, ya miƙa wa matarsa Iya. Tun kaka ya riga ya san ko hatsin zai kai su wata damina, in kuwa ba zai kai ba, tun a lokacin za a fara ragewa kaɗan-kaɗan, yadda yaro ba zai lura ba. Ba ya sa hannu a akushi sai ya leƙa ya ga kwanon yara. A shekarun farin 1973 da 1974, mahaifiyata ta ce gidajen da suka fi su gona sun sayar da awaki da tukwanen tagulla, su kuwa ba su kwana da yunwa ba, ko da yake kunun ya yi ruwa. Ita ba ta ma san an yi wata yunwa ta a zo a gani ba sai da ta yi aure ta ji ana labari.

Kada a ɗauka labarin waliyyi nake bayarwa. Mutum ne mai wuyar zama. Ba ya jure latti, ba ya jure a ajiye abu ba a wurinsa ba, kuma hannunsa na da sauri. Babban ɗansa, Kawu, shi ya fi kowa shan wannan. Ya so ya ci gaba da makaranta, uban ya ce gona na bukatar hannu kuma ƙannensa na bukatar ci, ya cire shi. Lissafin ya yi daidai a kan hatsi, amma Kawu ne ya biya, kuma bai yafe da wuri ba. Sun yi shekaru gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Mai raba kaya ma yakan yi kuskure, ya aza wa wani abin da zai danne shi har tsufa don kawai ya ga yana da wuya. Sannan akwai dararen da ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya. A irin wannan dare ba ya barci. Sai ya tashi ya zauna a zaure da addarsa a gefe har gari ya waye, in an yi masa magana ba ya amsawa. Yau likitoci na da sunan wannan ciwo da maganinsa. A lokacin cewa ake yi Bama ce ta motsa.

Wadda ta ɗauki wannan duka ita ce Iya, kuma ba daidai ba ne a yi maganar mutumin gida a tsallake ta. Yarinya ce ƙarama lokacin da ya tafi. Shekara ta farko ana kawo mata ɗan abin da yake yankewa daga albashinsa. Daga baya labari ya ɗauke, aka fara raɗe-raɗin jirginsu ya nutse. Danginta suka matsa ta je gaban alƙali. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace shekara huɗu take jira, amma akwai masu ganin za a iya samo mata hanya tun kafin nan. Ta ƙi. Ta zauna da surukarta tana kaɗi tana sayar da zare. Mun taɓa tambayarta ko son kakanmu ne ya zaunar da ita. Ta harare mu ta ce, "Wane so? Ko fuskarsa ban gama sani ba. Tsohuwar ce ba ta da kowa." Ashe masu ɗaukar kaya biyu aka haɗa aure.

Da aka sallami sojojin a 1946, abin da suka dawo da shi bai taka kara ya karya ba: takardar sallama, 'yan kuɗin sallama, lambobin yabo, da alkawuran aiki. Wasu sun samu shiga 'yan doka, wasu masinja, wasu direba, da yawa kuwa suka koma gona. A Ghana abin ya kai ga jini. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna a Accra da takardar koke kan haƙƙoƙinsu, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe uku: Sajan Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya na cikin abubuwan da suka gaggauta 'yancin Ghana a 1957. Baba Soja bai yi zanga-zanga ba. Ya samu aikin lodin auduga a Funtuwa lokacin kaka, damina kuma yana gona. Wato ya sauke kayan Sarkin Ingila ya ɗauki na kamfani, da gammo iri ɗaya.

Kowace 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ana tunawa da 'yan mazan jiya. Shugaban ƙasa ya ajiye furanni a Abuja, a busa begila, a saki farar tattabara. Ban raina wannan ba. Akwai kuma waɗanda sunansu ya tsira, irin su Samanja Chari Maigumeri, mutumin Borno da ya fara soja a hannun Jamus a Kamaru, ya koma na Ingila, ya yi yaƙin duniya duka biyun, yau ga bariki da sunansa a Lokoja. Ya cancanta. Amma irin tunawar da muka iya ta mai bindiga ce. Ko a zaman ta'aziyyar tsohon soja, tambayar da ake yi ita ce ina da ina ya yi yaƙi, Kwango ko Biyafara ko Laberiya, wane muƙami ya kai. Ba a cika tambayar yara nawa ya aurar ba, ko marayun wa ya riƙe, ko shekara nawa ya yi yana bin layin tantance 'yan fansho da takardu a leda don kada tukunya ta mutu a gida. Abin mamaki, labarin Bama da ya fi shahara daga bakin ɗan Najeriya ma ba na mai bindiga ba ne. Na Isaac Fadoyebo ne, ma'aikacin jinya, wanda aka harbe a Kaladan a 1944, wasu talakawa Musulmi na Arakan suka ɓoye shi suna ciyar da shi wata da watanni, alhali in Japan ta gane, ransu ne a bakinsa.

Yau ma haka abin yake. Duk sojan da ke Sambisa ko dajin Zamfara, akwai mai dafa masa, mai tuƙa masa ruwa, mai ɗinke masa rauni, akwai kuma mace a ɗaki guda a bariki tana soya ƙosai tana jiran waya ta yi ƙara.

Baba Soja ya rasu da tsufansa, a kan shimfiɗarsa, bayan gajeriyar jinya. Allah Ya jiƙansa. Ba a bin sa bashin ko sisi. Bayan addu'ar bakwai aka buɗe akwatinsa na ƙarfe. Takardar sallama na ciki a naɗe cikin leda, da rasiɗan haraji na shekaru aru-aru a ɗaure da zare, da lambobin yabonsa cikin gwangwanin madara, har da tauraron Bama. Nan take lambobin suka sami masu so har uku. Wannan ya ce shi ke Kaduna, zai sa su a gilashi. Wancan ya ce ɗansa ne ya gaji kakan tunda ya shiga soja. Har murya ta fara tashi.

Iya ce ta katse su da wata tambaya daga bayan labule: wa zai ci gaba da kai wa Goggo awo? Goggo ƙanwarsa ce, mijinta ya rasu tuntuni, ba ta haihu ba, tana zaune a wani ƙauye bayan rafi. Ashe duk farkon wata yana auna mata dawa da gero, ya ɗaura, ya kai mata da kansa, da ƙafarsa ta gaza kuma ya riƙa ba da kuɗin mashin a kai. Yawancin 'ya'yansa ba su ma san da wannan ba. Zauren ya yi tsit. Kowa ya tuna yana da kuɗin makaranta a gabansa. Aka ce a bari sai an yi shawara, aka tashi.

Lambobin dai na Kaduna ne ya tafi da su. Awon Goggo kuwa Kawu ne ya ɗauka, shi da aka cire daga makaranta. Ba a roƙe shi ba, bai kuma yi don a ce ya huce ba, domin har yau in zancen uban ya taso sai ya ce tsohon nan ya cuce shi. Farkon wata dai sai ka gan shi ya ɗaure buhu a bayan keke ya nufi rafi, yana tafe yana mita, kuma haka ya yi ta yi har Goggo ta rasu.